Wai makaranta ce za ta koya wa 'yata talla?

Maman_Tagwaye:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta tsaya min a rai tun jiya, na ce bari in kawo ta nan ko wani ya fi ni ganewa. 'Yata tana aji biyar na ibtida'i, wato firamare, a nan Makka. Jiya ta dawo da takarda daga ablarsu, wato malamarsu, wai nan da mako biyu za su yi ranar kasuwa. An raba su huɗu-huɗu, kowane rukuni ya zaɓi abin da zai sayar, ya raɗa masa suna, ya sa farashi, ya zana takardar talla, sannan su baje kaya a tsakar makaranta lokacin fusha, wato hutun tsakiyar karatu. Yarinya sai murna take yi, ni kuwa gabana ne ya faɗi.

Ni na ɗauki faranti. Ina shekara tara nake kai gyaɗa da ƙosai bakin Shari'in Mansur bayan la'asar, ido ɗaya kan ciniki, ɗaya kan hanya saboda masu korar 'yan talla. Ranar da aka kifar min da faranti, durƙusawa na yi ina tsintar gyaɗa a ƙasa ina kuka, don tsoron komawa gida ba kuɗi ya fi min tsoron mutanen. Ban taɓa zama a aji ba sai bayan na yi aure. Na ɗaukar wa kaina alkawari 'ya'yana ba za su san talla ba. To yau ga makarantar da na kai ta don ta tsira, ita ce ke cewa za ta koya mata. Wannan karatu ne? Ko in je in ce a cire min ita?

Goggo_Hindawiyya:
Wa alaikumus salam. 'Yar nan, kin faɗi abin da ke cikina. Mu da muka ga abin da talla ta yi wa 'yan mata, ba mai ba mu labari. Je ki ce ba ki yarda ba. Ɗiya mace ba a koya mata kiran mutane su zo gabanta.

Abla_Jarwal:
Maman Tagwaye, sannu, Allah ya saka miki da alheri kan wannan tarbiyya. Ni malama ce, shekarata goma sha ɗaya ina koyar da 'yan aji huɗu zuwa shida, kuma na taɓa shirya irin wannan rana sau uku. Don Allah ki duba takardar, na tabbata kalmar da aka rubuta da Larabci taswiƙ ce, wato dabarun tallata haja. Mu a Hausa kalma ɗaya muke da ita, talla, ita ce ta yarinya mai faranti, ita ce ta allon da ke kan titin Jidda, ita ce wadda ke katse miki bidiyo a waya. Shi ya sa da kika ji ta sai zuciyarki ta koma Shari'in Mansur.

Abin da aka yi miki aiki ne aka ɗora miki, abincin gida ya rataya a wuyanki, kuma ya hana ki aji. Wannan kuwa rabin sa'a ne a cikin katangar makarantar mata, ba baƙo ko ɗaya, masu saye ƙawayenta ne da malamanta. Ni abin da nake nema a wurin yarinya a ranar shi ne ta iya amsa min: nawa kika kashe, nawa kika samu, me ya sa wance ta sayi na wance ta bar naki. Akwai yaran da na sha wahala da su a kan ninkawa da rabawa wata da watanni, amma ranar da aka ce su raba riyal goma sha takwas su huɗu, ba wadda ta bari aka cuce ta da rabin riyal.

Dan_Misfala:
Abla, da girmamawa, ni ban gamsu ba. Ɗana yana aji huɗu, har yanzu sai ya bi layi da yatsa yake karatu. A fara gyara wannan tukuna. Darasin sanin harkar kuɗi ai an sa shi a shekarar farko ta sanawi, wato babbar sakandare, can ne muhallinsa. Me ake gaggawa da 'yan shekara goma?

Mai_Lissafi:
Dan_Misfala, abin da ake koyarwa a wannan matakin bai kai yadda kake tsammani ba. Tun 1960 wani malamin jami'a a Amurka, Jerome McCarthy, ya tattara harkar a abu huɗu: haja, farashi, wuri, da yadda za a sanar da mutane. Duk mai bakala, wato ɗan kantin unguwa, ya san su ko bai taɓa jin sunan mutumin ba. Me ya sa alawa da cingam suke daidai tsayin yaro a gaban mai karɓar kuɗi? Wuri ke nan. Me ya sa ake rubuta 9.95 maimakon 10? Halala biyar ce kawai tsakani, cikin ɗarin da ke riyal ɗaya, amma ido tara yake gani. Ni na gwada da yarana a babban kanti, na ce duk wanda ya samo min farashin da ya ƙare da sifili zan saya masa ruwan lemo. Sun daɗe suna zagaye.

Kuma tun watan Yuli na 2020 harajin ƙari, wato VAT, ya koma kashi 15 cikin ɗari. Yaron da zai iya duba fatura, wato rasit, ya gane cewa a kan kayan riyal 100 an ɗora 15, ai lissafin aji biyar ya yi, ba wani abu daban ba.

Kawu_Karantina:
Ku yara kuna ba ni mamaki. Kasuwa a aji? Shekarata arba'in da wani abu ina harkar tufafi a Jidda, tun ina ɗaukar wa maigidana dila a Bab Sharif. Ba wanda ya zana min komai a allo. Zama na yi ina kallo: yadda ake taya kaya, yadda ake cewa albarka ba tare da an ɓata wa mutum rai ba, lokacin da ake sallamawa ko da ribar kaɗan ce don kada kaya su yi kwantai. Wannan a jiki yake shiga. Amma Maman Tagwaye, ban ce ki cire ta ba. Wasa ne, bar ta ta yi wasanta.

Abla_Jarwal:
Kawu, Allah ya ƙara girma. To ai yaran yanzu ba su da maigidan da za su zauna gabansa. Dokar aiki ta ƙasar nan ma ba ta yarda a ɗauki wanda bai kai shekara 15 aiki ba. In ba a nuna musu a makaranta ko a gida ba, waya ce za ta nuna musu.

Yar_Madina:
Wannan maganar waya ita ce tawa. Ni ba na tunanin ɗana zai zama ɗan kasuwa, tsorona shi ne an riga an mai da shi kasuwa. Shekararsa bakwai. Kwanaki ya tasa ni gaba da kuka sai na saya masa wata cakulan da ya ga wani yana buɗewa a YouTube. Na ce masa, wannan mutumin biyansa aka yi ya ce tana da daɗi. Ya dube ni ya ce, a'a Umma, shi abokinmu ne, ba ya ƙarya. Wallahi jikina ya yi sanyi. Na saya masa ɗaya, muka zauna, na sa shi ya kwatanta hoton da ke jikin takarda da abin da ya fito daga ciki. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce, ta cikin hoton ta fi girma. Tun ranar in muka ga talla sai in tambaye shi, wa ya biya, kuma me yake so ka yi?

Hukuma ma ta san abin ba wasa ba ne. Tun Oktoban 2022 duk mai son yin tallan kuɗi a shafinsa na Snapchat ko TikTok sai ya yanki lasisin Mawthooq, riyal 15,000 na shekara uku. A Suwidin an hana tallan talabijin da ake nufin yara 'yan ƙasa da shekara 12 da shi, a lardin Kebek na Kanada kuma 'yan ƙasa da 13. Mu da ba za mu iya toshe wayar ba, gara yaro ya san yadda ake ƙulla abin. Wanda ya taɓa zana talla da hannunsa ba ya saurin faɗawa ta wani.

Baban_Yara_Uku:
Ku tsaya in ba ku nawa, don kowa yana yabon abin kamar ba shi da illa. Bara aka yi irin wannan a makarantar 'yata ta biyu. Aka ce kowa ya kawo abin da zai iya. Mu muka yi mata 'yan ƙananan jakunkuna na ƙyalle, uwarta ta kwana biyu a kan keke. Da ta je, sai ta tarar wasu iyayen sun kai an buga musu tambari a maɗaba'a, da balan-balan, da kwalaye masu ƙyalli. Teburinta ba wanda ya tsaya sai malama ɗaya. Ta dawo da kayanta a leda, ta shige ɗaki, ko abinci ba ta ci ba. Abin da ta koya a ranar shi ne babanta ba shi da kuɗi. In haka za a yi, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Goggo_Hindawiyya:
Allah sarki. Kun ji ko?

Abla_Jarwal:
Baban Yara Uku, wannan kuskuren masu shiryawa ne, kuma na ga irinsa, ba zan kare shi ba. A karon farko da na yi, ni ma haka ta faru da ni, iyaye suka mai da abin gasa tsakaninsu. Daga baya na sa doka: jarin kowane rukuni ɗaya ne, ba ya wuce riyal ashirin, komai a aji za a yi shi da hannu, ba a shigo da abin da aka buga a waje. Masu saye kuma kowace yarinya ana ba ta katin takarda guda biyar, ba kuɗin aljihunta ba. Maman Tagwaye, in za ki je, waɗannan ne tambayoyin da ya kamata ki yi.

Mai_Sirye:
Ni dai na shigo ne saboda Kawu. Gaskiya ya faɗa, amma rabi. Mahaifina ya yi sirye, wato tsire, a Makka, ni ma shi nake yi. Bai taɓa rataya allo ba. Tallansa uku ne: ƙamshin ƙuli da yaji in ya bugi wuta, ɗanɗanon da yake miƙa wa mai wucewa a bakin wuƙa, da gyaran da yake ƙara wa wanda ya dawo karo na biyu. Larabawa suna zuwa daga Aziziyya su yi layi. Amma ni yau rabin cinikina ta WhatsApp yake zuwa, kuma 'yata mai shekara goma sha biyu ce ta nuna min cewa hoton da nake ɗauka a ƙarƙashin farar fitila yana sa naman ya yi kamar ya kwana. Ta ce in ɗauka kusa da taga kafin magariba. In kana da kyau ka ƙara da wanka.

Dan_Gadarif:
Mai Sirye, kun ce sirye, mu a Sudan agashe muke cewa, kuma duk daga bakin kakanninmu suka fito. Tsire ne Larabawan Hijaz suka mai da sirye, a gashe kuma ya zama agashe. Ka je Omdurman ko Madani ko Bur Sudan, wanda bai san kalmar Hausa ko ɗaya ba zai ce maka a ba shi agashe. In ana neman misalin suna da ya sayar da kaya, a ba yaranmu wannan, nasu ne.

Amma Maman Tagwaye, ni na fi kowa fahimtar tsoronki. Na baro Gadarif bayan yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023. Makarantu sun daɗe a rufe, da yawa ma 'yan gudun hijira aka zuba a ciki. 'Ya'yan yayata da ke aji uku da aji biyar suka koma sayar da ruwan sanyi da gyaɗa a tasha. Da aka buɗe makaranta, babban ya ƙi komawa, ya ɗanɗana kuɗi. Wannan shi ne haɗarin, yaro ya ji daɗin riba kafin ya ji daɗin karatu. Ko a garin da kasuwar riɗi da dawa ta yi suna kamar namu, wanda ya iya rubutu da lissafi shi ke zaune a inuwa yana rubuta buhuna, wanda bai iya ba shi ke ɗauka.

Mai_Sirye:
Dan Gadarif, Allah ya kawo muku zaman lafiya. Sai dai agashenku ya cika lemon tsami da albasa, namu ya fi kama da na gida.

Dan_Gadarif:
Amin. Wannan muhawarar sai mun haɗu a gaban wuta.

Almajirin_Haram:
'Yan'uwa, kada mu manta garin da muke zaune. Makka gari ne na fatauci tun kafin Musulunci, tafiyar hunturu da ta bazara tana cikin Suratu Ƙuraish, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi fatauci da dukiyar Nana Khadija zuwa Sham. Ciniki ba abin kunya ba ne. Abin tambaya shi ne da wane hali za a koyar da shi.

Ya zo a Sahihu Muslim cewa ya wuce wani mai sayar da abinci a tsibi, ya cusa hannunsa ciki sai ya ji danshi. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Ya ce masa me ya hana ka sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Kuma ya ce rantsuwa tana sa kaya su shige amma tana shafe albarka. Ya kuma hana najashi, wato mutum ya riƙa ƙara wa kaya kuɗi ba don zai saya ba, sai don ya ruɗi wani. Ku duba da kyau, wanda ke sa 'yan'uwansa su rubuta yabon ƙarya a ƙarƙashin kayansa a intanet, ai ɗan'uwan wannan yake yi. In abla za ta fara da waɗannan ukun kafin ta kai ga launi da suna, ni ina goyon baya. In kuwa za a koya wa yara yadda ake sa mutum ya sayi abin da ba ya buƙata, to Goggo ta fi mu gaskiya.

Dan_Misfala:
Malam ya yi magana. Amma akwai abin da kowa ke kewayewa. Da yawanmu a nan da iƙama, takardar zaman baƙi, muke zaune. Ɗana ko ya haddace abu huɗun Mai_Lissafi, ba zai tashi ya buɗe shago da sunansa haka kawai ba. In ya fake da sunan ɗan ƙasa, tasattur ke nan, hukuncinsa yana kaiwa ɗaurin shekara biyar da tarar riyal miliyan biyar. To me muke kwaɗaita musu?

Mai_Lissafi:
Wannan gaskiya ne, kuma dole a gaya wa yaro in ya girma. Amma ba kowa ne a zauren nan ke kan iƙama ba, akwai 'yan ƙasa da yawa cikinmu. Na biyu, kamfanoni suna ɗaukar masu iya wannan aikin. Na uku, wa ya san inda yaro zai ƙare? Wasu za su koma Kano ko Damagaram ko Sinnar. Kantin Kwari ba ya tambayar iƙama.

Yar_Madina:
Kuma ko bai sayar da komai ba har abada, zai saya. Ku dubi ranar ƙasa, 23 ga Satumba, yadda kowane shago ke sa farashi daidai da adadin shekarun ƙasar, 94, 95. Yarana sai su ce Umma an yi rangwame. In ce musu, da nawa yake? Ba wanda ya sani. Alhali doka ta ce mai yin rangwame sai ya nemi izinin ma'aikatar kasuwanci kuma ya nuna tsohon farashi da sabo. Araha ba ta ado, amma sai an koya wa yaro ya duba.

Kawu_Karantina:
Yar Madina, wannan na yarda da shi. Sayen nagari mai da kuɗi gida. A koya musu saye kafin sayarwa.

Maman_Tagwaye:
Na gode muku duka, na karanta kowace magana, wasu sau biyu. Na je makarantar ranar Lahadi. Ablar ta karɓe ni hannu biyu, ta ce a cikin darasin maharat hayatiyya ne, wato dabarun rayuwa, kuma ba abinci, ba kuɗin gaske, jari makaranta ce ta ba da kwali da zare da gam. Na ba ta labarina kamar yadda na ba ku. Ta yi shiru, sannan ta ce in ina so 'yata ta riƙe littafin lissafi kawai, ba sai ta tsaya gaban tebur ba. Na ce zan tambaye ta. Yarinyar ta ce ita duka take so.

Alamar shafi suke yi, irin wadda ake sawa a Alƙur'ani, da ɗan zare a ƙasa. Jiya da dare ta shimfiɗa kwali a tsakar ɗaki tana zana takardar, ta rubuta da jan alƙalami, babba: saura kaɗan. Na ce nawa kuka yi? Ta ce ashirin da huɗu. Na ce nawa aka saya? Ta ce ai ba a fara ba. Na ce to ina kika samo saura kaɗan? Ta ce haka ake rubutawa a waya. Sai na karanta mata abin da Almajirin_Haram ya kawo na mai jiƙaƙƙen abinci. Ta daɗe tana kallon takardar, ta ɗauko wani kwalin ta sake. Yanzu abin da ke jiki shi ne: da hannunmu muka yi, zaren ba ya cirewa. Har ta sa ni na ja zaren da ƙarfi don ta tabbatar.

Ban ce hankalina ya kwanta duka ba. Da na gan ta tana gwada yadda za ta ce ku zo ku gani, muryata na ji ta shekara tara, sai da na tashi na shiga kicin.

Almajirin_Haram:
Allah ya yi mata albarka, ya sa ta zama cikin masu gaskiya.

Goggo_Hindawiyya:
Amin. Amma ni dai ina nan a kan bakana. Littafin lissafin ya ishe ta. Ki sa ido, 'yar nan, kada bayan wannan ta ce za ta riƙa kai wa ƙawayenta kaya a jaka.

Baban_Yara_Uku:
Abla_Jarwal, wannan dokar taki ta jari ɗaya da katin takarda, za ki iya rubuto min ita dalla-dalla? An ce bana ma za su sake yi, kuma 'yar tawa ta riga ta ce ranar ba za ta je makaranta ba. Ina so in kai wa shugabar makarantar kafin su raba takardu.

Abla_Jarwal:
Zan rubuto maka yau bayan isha'i in sha Allah. Ka ce wa mamanta kada ta yar da jakunkunan bara, in suna nan. Kuma ka tambayi yarinyar nawa ta sa musu a wancan karon, don ina zargin farashin ma ya taimaka.

Dan_Misfala:
Har yanzu ba wanda ya amsa min maganar karatun ɗana. Abla, in kin gama da nasa, ni ma ina da tambaya a kan yaron da ke bin layi da yatsa a aji huɗu.